Daga Diban Gwamna zuwa Yajin Aiki: Tarihin Ƙwadago ta Fuskar Ƙasar Lafiya

Kalmar da Hausawa suka zaɓa domin dakatar da aiki da ma'aikata kan yi da gangan, wato yajin aiki, daga cikin gida aka aro ta, domin yaji a asalinsa shi ne fitar da mace kan yi daga ɗakinta zuwa gidan iyayenta idan an ɓata mata, ba da nufin kashe aure ba, sai don a san ciwonta a biyo ta da biko. Wanda ya fara ɗora wannan kalma a kan ma'aikata ya fahimci lamarin sarai, saboda mai yajin aiki bai ajiye aikinsa ba, ya janye ƙarfinsa ne na ɗan lokaci har mai aikin ya ji rashinsa ya nemi a zauna. Sai dai yaji ba ya yiwuwa sai ga wadda ke da gidan da za ta koma, haka shi ma yajin aiki sai ga wanda sunansa ke cikin takardar albashi kuma yake da ƙungiyar da za ta tsaya masa, kuma a kan wannan ne tarihin ƙwadago a ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa, da garuruwan da ke gefenta irin su Azuba, ya rabu gida biyu tun farkonsa. Ƙwadago shi ne aikin da mutum ke yi wa wani domin a biya shi lada, ƙungiyar ƙwadago kuwa haɗakar masu irin wannan aiki ce domin su yi ciniki da mai ɗaukar aiki da baki ɗaya maimakon kowa ya je shi kaɗai.

Kafin zuwan Turawa aiki a wannan yanki yana da nasa tsari, amma albashin wata ba ya cikinsa. Noma na gandu ne, inda magidanci da ƙannensa da 'ya'yansa ke aiki a gona ɗaya, idan aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya a biya da abinci da alkawarin ramawa, manyan gonakin masu sarauta kuma bayi ne ke noma su a rinji. Masu sana'a suna ƙarƙashin shugabanninsu, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Magina, waɗanda ke raba gardama da tattara kuɗin sana'a, gishirin Awe da Keana kuwa, wanda fatake ke zuwa nema daga nesa, mata ne ke dafa shi. Waɗannan sarakunan sana'a sun yi kama da shugabannin ƙungiya ta wata fuska, amma fada ce ke naɗa su, kuma hidimar fada ce gaba da komai a aikinsu. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wanda ke nuna cewa aikin lada da aikin bauta sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasa ɗaya.

Abin da ya tura talakan Arewa neman aikin kuɗi shi ne haraji, wanda Turawa suka dage a biya shi da tsabarsu, da kuma tilas tsagwaronta. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911 an yi shi ne da leburorin da Razdan ya nema daga sarki, sarki ya nema daga hakimi, hakimi ya yanka wa kowane dagaci adadin da zai kawo, abin da mutane suka riƙa kira diban gwamna. Layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 domin kwashe kwal, shi ne ya ratso Makurɗi da Lafiya da Kafancan a cikin shekarun 1920 har ya haɗu da na Kaduna, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a kan Binuwai a 1932. Da wannan layi ne Lafiya ta samu tashar jirgin ƙasa, kuma da tashar ne aka fara ganin wani sabon jinsin mutane a ƙasar: akawu da direba da mai zuba kwal da masu gyaran dogo, waɗanda ba dangin juna ba ne, ba ma yarensu ɗaya ba, amma mai biyansu ɗaya ne kuma ranar biyansu ɗaya ce.

Mafi munin diban gwamna ya zo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato, aka kafa dokar ɗibar manoma da ƙarfi daga lardunan Arewa, har da Lardin Binuwai wanda Lafiya ke cikinsa a wancan zamani, aka kai dubun-dubatarsu ramukan Bukuru da Barikin Ladi da kewaye tsakanin 1942 da 1944. Yadda aikin yake ba shi da wuyar kwatantawa: rami ne mai faɗi da ake haƙa da diga da shebur, leburori a jere kowa da kwanon ƙarfe cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa a kai, suna hawa suna sauka daga safe har la'asar, heluma, wato shugaban ayarin leburori, yana tsaye yana ƙirga, a can gefe kuma ana wanke ƙasar da ruwa a dogayen kwarami domin baƙar kuzar mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Mutumin da ya taso a zafin kwarin Binuwai, aka kawo shi sanyin Filato ba bargo, ga ƙarancin abinci ga cunkoson bariki, bai cika daɗewa cuta ba ta kama shi ba, kuma da yawa sun mutu a can. Makamin da ke hannun waɗannan mutane guda ɗaya ne, shi ne gudu, kuma sun gudu da yawan da ya sa tsarin bai ba da kuzar da aka yi tsammani ba, aka soke shi a 1944. Duk wannan ya faru ne bayan Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar hana aikin tilas tun 1930, domin yarjejeniyar ta bar ƙofa ga lokacin yaƙi, Turawan mulki kuma suka shige ta wannan ƙofa.

Dabarar haɗa kai a ƙi aiki a tsaye, maimakon a gudu da dare, ta girma ne a ƙasashen masana'antu, kuma tarihin Amurka ya fi kowane nuna tsadarta. A ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata a biranen Amurka suka fita yaji suna neman a mayar da aikin yini awa takwas, a ranar 3 ga wata 'yan sanda suka harbi masu yaji a wata masana'anta a Shikago, washegari kuma a wajen taron da aka kira a dandalin Haymarket wani ya jefa bam, aka rasa rayukan 'yan sanda da na farar hula. An hukunta mutum takwas ba tare da an tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba, aka rataye huɗu a 1887, sannan a 1893 gwamnan jihar ya yafe wa ukun da suka rage a kurkuku bisa hujjar cewa shari'ar ba ta yi adalci ba. Taron ƙungiyoyin ma'aikata da aka yi a Paris a 1889 shi ya ware 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata ta duniya, ko da yake ita Amurka a watan Satumba take yin nata hutun, kuma sai a 1935 dokar tarayyarta ta tabbatar wa ma'aikatan kamfanoni 'yancin kafa ƙungiya da yin ciniki a haɗe. Abin lura ga mai karatu a Nijeriya shi ne matsayin jirgin ƙasa a can ma: manyan yaje-yajen 1877 da 1894 na ma'aikatan dogo ne, kuma ƙungiyar baƙar fata mafi tasiri ita ce ta masu hidima a taragun kwana, wadda Philip Randolph ya jagoranta daga 1925. Dalilin ɗaya ne ko'ina, domin dogo yana tara dubban mutane ƙarƙashin hukuma ɗaya, yana ɗaukar labari daga tasha zuwa tasha, kuma idan ya tsaya komai ya tsaya.

A Nijeriya ƙungiyar farko ita ce ta ma'aikatan gwamnati da aka kafa a Legas a 1912, wadda ta fi kama da majalisar akawuna masu rubuta takardun koke cikin ladabi, sai ta malaman makaranta a 1931. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ce ta halatta su sosai, inda ta ba mutum biyar kacal damar yin rajistar ƙungiya, sassaucin da daga baya ya zama annoba saboda ƙananan ƙungiyoyi marasa ƙarfi sun yi yawa kamar jamfa a Jos. Wadda ta fara karɓar takardar rajista a 1940 ita ce ta ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu, mutumin da Turawa suka tsare a 1943 suka sake shi a 1945. Yaƙi ya sa kaya sun yi tsada ƙwarai, kuma ƙarin da gwamnati ta yi a 1942, wanda ake kira kuɗin tsadar rayuwa, wato wani kaso da ake ɗorawa a kan albashi domin rage raɗaɗin hauhawar farashi, tuni kasuwa ta cinye shi. Ma'aikata suka nemi a ƙara shi da kashi 50 cikin 100 kuma a mayar da ladan lebura sule biyu da sisi a yini, gwamnatin Arthur Richards ta ƙi, sai a ranar 22 ga Yuni 1945 aka shiga yajin gama-gari na farko a ƙasar, wanda ya ɗauki kwana 44, ya tsayar da jiragen ƙasa da gidan waya da tashoshin ruwa. Zariya, mahaɗar layukan Arewa, ita ce cibiyar yajin a wannan ɓangare, kuma matan kasuwa da masu gidajen haya a Legas sun ɗauki nauyin masu yajin da bashi da rangwame, taimakon da ba a cika ambatonsa ba alhali da babu shi da yunwa ta mayar da mutane bakin aiki tun a mako na biyu. Hukumar Tudor Davies da aka kafa bayan haka ta amince da ƙarin a 1946. Shekara huɗu bayan yajin, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a kwarin Iva da ke Inugu, suka kashe 21 suka raunata 51, kuma wannan jini ya haɗa kan 'yan kishin ƙasa fiye da yadda jawabai suka taɓa yi.

Arewa ta shiga wannan harka da jinkiri, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin masu sana'ar hannu da akawunan reluwe da na kamfanoni 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari, ɗan ƙasa kuwa ko dai lebura ne na cin rani da ke komawa gona da faɗuwar damina, ko ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, wanda mai ɗaukarsa aiki shi ne sarkinsa, kuma yi wa sarki yaji a wancan zamani abu ne da hankali bai cika ɗauka ba. Saboda haka ƙungiyar malaman makarantun Arewa da Malam Aminu Kano ya assasa a 1948 tana da muhimmancin da ya wuce girmanta, domin ita ce ta fara nuna wa ma'aikacin En'e cewa yana iya neman haƙƙinsa a rubuce kuma a haɗe, kuma daga irin waɗannan malamai ne jam'iyyar NEPU ta samu mutanenta bayan 1950. Bambancin da NEPU ta riƙa yi tsakanin talakawa da masu sarauta ya fi shiga kunnen leburan Arewa a kan kalmomin da aka kwaso daga littattafan Turai, kuma binciken da Paul Lubeck ya yi a kan ma'aikatan masana'antun Kano, wanda ya fito a 1986, ya nuna cewa da yawa daga cikinsu tsofaffin almajirai ne da gardawa da ke auna zaluncin mai kamfani da ma'aunin addini, har ma lokacin salla yana cikin abubuwan da suke jayayya a kai.

Samun mulkin kai bai canja yanayin rigimar ba, sai dai ya canja wanda ake yi da shi. A 1964 Hukumar Morgan ta ba da shawarar fam 12 a wata ga ƙaramin ma'aikaci a Legas, da ƙasa da haka a sauran yankuna, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yi jinkiri sannan ta yi tayin abin da bai kai ba, sai ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna suka haɗu suka tsayar da ƙasar daga 1 zuwa 13 ga Yuni, wa'adin da Firayim Minista ya bayar na komawa aiki ya wuce ba wanda ya motsa, aka daidaita a kan fam 10. Rabuwar kan nan da aka ambata tana da alaƙa da Amurka kai tsaye, domin zamanin yaƙin cacar baka ne, inda wani ɓangare na ƙungiyoyin Nijeriya ke samun tallafi da horo daga ƙungiyoyin Amurka da Yammacin Turai, ɗaya ɓangaren kuma daga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, kuma kuɗin waje ya raba shugabanni fiye da yadda aƙida ta raba su. Bayan yaƙin basasa aka yi ƙarin albashi na Hukumar Adebo a 1970 da 1971, sannan na Hukumar Udoji, wanda aka biya a farkon 1975 tare da bashin watannin baya a dunƙule, har sunan Udoji ya shiga bakin Hausawa da ma'anar kuɗin da suka faɗo ba zato. Ma'aikata suka sayi babura da rediyo, 'yan kasuwa suka ɗaga farashi, manomin da bai samu ko kwabo ba ya biya tsadar tare da kowa.

Tushen tsarin da ake gani yau sojoji ne suka aza shi. Gwamnatin Obasanjo ta haramta wa wasu tsofaffin shugabanni, har da Imoudu, riƙe muƙami, ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42 bisa nau'in sana'a, ta kafa uwar ƙungiya ɗaya, NLC, a watan Fabrairun 1978 da Hassan Sunmonu a matsayin shugaba, ta kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci. Niyyar gwamnati ita ce ta samu wanda za ta iya riƙewa, amma abin da ta samar ya fi ƙarfin niyyarta, domin a watan Mayun 1981 NLC ta yi yajin da ya tilasta wa gwamnatin Shehu Shagari kafa dokar mafi ƙarancin albashi, wato adadin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi, aka yanke naira 125. Shekara ɗaya kafin nan gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta riga ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutu a Jihar Kano, tarayya ta bi sahu a 1981, ta haka ranar da aka haifa a Shikago ta shigo kalandar Nijeriya ta ƙofar Kano. A wancan zamani ƙarfin ƙwadagon Arewa yana masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda suka fara da kamfanin KTL a 1957, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, kuma daga masaƙar Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988 lokacin Ali Ciroma, Abacha ya sake rushe shi a 1994 bayan yajin ma'aikatan man fetur a kan soke zaɓen 12 ga Yuni, amma abin da ya fi dokokin soja karya ƙungiyoyin Arewa shi ne rufewar masaƙun kansu, KTL a 2002, wasu kuma suka biyo baya, domin ƙungiya ba ta rayuwa bayan injin da mambobinta ke aiki a kai ya yi shiru.

Wannan ne gadon da Jihar Nasarawa ta tarar lokacin da aka yanke ta daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996 aka mayar da Lafiya babban birninta. Jirgin ƙasa ya riga ya yi rauni, manyan kamfanonin kuza sun tafi sun bar tafkuna a wurare irin su Udege, babu kuma masana'antu masu yawa, saboda haka kusan duk mai albashi a jihar ma'aikacin gwamnati ne: malamin makaranta, ma'aikacin jinya, akawun sakateriya, ko ma'aikacin ɗaya daga ƙananan hukumomi 13. Idan mai ɗaukar aiki gwamna ne, kowace rigimar albashi siyasa ce, kuma akwai wani ƙulli a tsarin mulki da ke ƙara rura ta, domin batun ƙwadago da mafi ƙarancin albashi hurumin majalisar tarayya ne kaɗai, amma gwamnonin jihohi ne ke biya daga kason da ake turo musu daga Abuja, wanda ke hawa da sauka da farashin mai. An ɗaga adadin zuwa naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, kuma kowane karo sai an yi yaji biyu, ɗaya a tarayya domin a sa hannu, ɗaya a jihohi domin a aiwatar. Lambobin suna girma amma abin da suke saya yana raguwa, domin naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dala 200, naira 70,000 kuwa ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba.

Lokacin da farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 2010, ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare a Nasarawa sun san abin da ake kira biyan albashi kashi-kashi, wato a ƙarshen wata a lissafa abin da ya shigo asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a biya kowa wani kaso na albashinsa gwargwadon abin da ya samu, ragowar kuma a ce bashi ne. Malamin da aka yi wa haka ba ya iya ce wa mai gidan haya ko mai shago ya karɓi kaso, sai ya koma gona ko ya hau babur da yamma, ɗalibai kuma su ne ke biyan bambancin. A 2016 ma'aikatan jihar suka shiga dogon yaji a kan shirin gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura na rage albashi, kuma ranar 29 ga Yuli, yayin da shugabannin NLC na ƙasa ƙarƙashin Ayuba Wabba ke cikin gidan gwamnati a Lafiya domin sasantawa, aka yi harbi a kan ma'aikatan da suka taru a bakin ƙofa, biyu daga cikinsu suka rasu, ƙungiyar ta ɗora alhakin a kan 'yan sanda. Tsakanin kwarin Iva da ƙofar gidan gwamnatin Lafiya akwai shekara 67, da tuta daban da gwamnati daban, amma abin da ya tara mutanen a wuraren biyu bai bambanta ba. A watan Disamban 2024 ma Nasarawa tana cikin jihohin da ma'aikata suka rufe ofisoshi kafin a cimma yarjejeniyar aiwatar da sabon albashi.

Duk wannan tarihi na mutanen takardar albashi ne, kuma su ne 'yan tsiraru. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire duk wurin aikin da bai kai mutum 25 ba, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona, da waɗanda ake biya bisa yawan abin da suka yi, wanda ke nufin ta cire kusan kowa a gari irin Azuba, da ke bakin hanyar Lafiya zuwa Akwanga, inda rayuwa ta dogara da doya da rogo da gyaɗa da riɗi da abin da hanya ke kawowa. Ba adalci ba ne a ce ƙungiyoyin ba su taɓa yi wa waɗannan mutane komai ba, domin yajin Janairun 2012, wanda ya sa aka sauko da litar mai daga naira 141 zuwa 97, ya amfani ɗan acaɓa da mai injin niƙa fiye da babban sakatare. Amma a sauran lokuta ƙarin albashi yakan isa kasuwa kafin ya isa aljihu, kuma wanda ba ya cikin masu karɓa yana cikin masu biya. Ƙungiyoyin da talakan wannan yanki ya fi sani, irin ta direbobi a tasha da ta 'yan acaɓa da ta dillalan doya, suna da suna irin na ƙwadago amma aikinsu ya fi kusa da na Sarkin Pawa na da: su yanka tikiti, su tsara layi, su raba faɗa, su yi wa mamba gudummawa ranar biki ko rasuwa, kuma sau da yawa mai mota da yaron mota suna cikin ƙungiya ɗaya, wanda ke sa ba a san wa za a yi wa yaji ba.

Cinikin ƙwadago a irin wannan wuri ana yin sa ne a bakin gona. Idan lokacin tara ƙasar dasa doya ya zo, samari kan zo ayari-ayari da manyan garemaninsu, wasu daga ƙauyukan kusa wasu daga nesa, babbansu ya zaga gonar da mai ita, ya duba taurin ƙasa da yawan kututture, sannan a yi jinga, wato a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya ko bisa yawan tulin da aka tara, a kuma fayyace ko da abinci ko babu. Babu takarda, shaidu su ne waɗanda ke tsaye a wurin, kuma idan mai gona ya saɓa, ƙarar ba ta zuwa kotun ma'aikata da aka kafa tun 1976, tana zuwa ne gaban mai unguwa, hukuncin da ya fi tasiri kuwa shi ne labari ya bazu, baɗi ya nemi masu aiki ya rasa. Haka 'yan dako ke yi a kasuwar doya, haka masu fasa dutse da masu lodin yashi ke yi, haka kuma dubban matasan da sabon haƙar ma'adinin litiyam ya ja zuwa dazukan jihar a 'yan shekarun nan, waɗanda ke shiga rami da diga da shebur, su fito da dutse a buhu, a auna a biya su nan take, kusan yadda aka riƙa biyan masu kawo kuza a Filato shekara tamanin da suka wuce, ba tare da sunansu ya shiga rajistar kowace ƙungiya ba.